Faifan Gayya

Jiya ɗayanku ya zauna gaban kwamfutar da ke kusa da ƙofa, ya ɗora mata Linux kafin shayina ya huce, ya juyo ya ce, "Baba Bala, wai wanga abu na kunka sha wuya kainai?" Sauran suka fashe da dariya. Ban ji haushi ba. Hannunsa na da kyau, kuma yanzu abin ya zama danna nan, danna can, ka je ka yi salla ka dawo ka iske an gama. Amma tunda kuna zuwa shagon nan kuna koyo ba a karɓar ko kwabonku, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Ni da tafireta na fara. Maigidana a sana'a, Malam Haruna, yana da tebur a gindin wani dogon yaro kusa da tashar jirgin ƙasa nan Ƙaura. Ni ke share wurin, ni ke ɗauko injin a kai da safe, ni ke mai da shi da yamma. In zaren tawada ya sarƙe, sai ya aike ni sayen goro, kafin in dawo ya gyara. Yankan sitensil kuwa, takardar da ake gurza kwafi da yawa da ita, ta bayan kafaɗarsa na sace shi da ido. Haka sana'a take a lokacin: abin da ka sani shi ne abincinka, ba ka buɗe shi gaban mutane. Ban taɓa ganin laifinsa ba, kuma haka na ƙudura zan yi in na zama mai tebur.

Da aka ba mu jihar Zamfara sai aiki ya buɗe. Kowa na neman aikin gwamnati a Gusau, kowa na son takarda bugaggiya. Na samu ƙaramin shago a hanyar makarantar foli, ina buga wa masu neman aiki da ɗalibai. Wata rana wani mutumin Zurmi ya karɓi takardarsa daga hannuna, ya zaro ta abokinsa daga aljihu ya haɗa su gefe da gefe. Ta abokin a kwamfuta aka yi ta. Ya daɗe yana kallo, ya biya ni, ya fita. Tun daga ranar na san tafireta ta kusa zama abin ajiye kofin shayi.

Wanda ya cece ni shi ne Alhaji Dahiru, dillalin hatsi a kasuwa, asalinsa manomi ne daga Banga. Ya sayo kwamfuta ta hannu da firinta da ƙaramin janareta ya ajiye mini. Jari nasa, hannu nawa, abin da aka samu a raba. Alhaji bai yi boko ba, amma ba a saka masa kaya a rufe. Buhun gero ma sai ya tura hannu har gwiwa ya ɗebo na ƙasa ya shinshina. Ba a jima ba wani saurayi, Lawali, ya buɗe irin shagona a tsallaken titi, ƙofarsa na kallon tawa. Muna gaisawa, amma kowa na ƙirga masu shiga wurin ɗan'uwansa da wutsiyar ido.

Cikin kwamfuta akwai manhajar da ita ce uwa. Ita ke tashi in an kunna inji, sauran duk a kanta suke hawa. Tamu irin wadda kowa ke amfani da ita ce. Ɗalibai kan zo da fulofi, wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu da ake ajiye rubutu a ciki, kuma da shi cutar kwamfuta ke yawo daga shago zuwa shago. In ta kama inji sai a kira mai gyara daga Gusau ya goge komai ya sake ɗora uwar daga faifansa. Abin ya zama mana jiki, kamar zazzaɓin damina.

A shekarun farko na Shari'a ne wannan ya zame mini matsala. Lokacin kowa na duba sana'arsa. Alhaji ya zubar da tsofaffin tiyoyinsa na awo ya sayi daidaitattu, ya hana yaransa tsallake ciniki, har wanda ke haɗa masa sabuwar dawa da tsohuwa ya sallama. Ran nan farkon damina inji ya kamu, mai gyara ya zo, Alhaji kuma ya biyo ya zauna a benci yana jan carbi. Mai gyara ya zaro faifai fari, da rubutun alƙalami a bayansa.

"Wanga faifai, ina kwalinai?" in ji Alhaji.

"Alhaji, ba shi da kwali. Kwafi na. Kowa da shi ka aiki."

"Mai shi ya yarda a kwafa?"

Mai gyara ya yi dariya. "Mai shi na can ƙasar Turawa, bai ma san da Ƙaura ba."

"Ba nisanai nit tambaye ka ba. Ya yarda?"

Mai gyara ya dube ni, ni kuma na dubi janareta. Daga ƙarshe ya ce bai yarda ba, sayarwa yake yi. Alhaji ya ce a dakata da ɗorawar. Ya je ya tambayi wani malami da ya amince da shi, ya dawo washegari da maganarsa a dunƙule.

"Bala, na gyara tiyata kasuwa, ba ni barin wani abu nan. Wanga inji ba shi ƙara tashi da kayan da mai su bai yarda ba. Na ba ka daga yanzu zuwa kaka. In ka samo na halas, madalla. In ba ka samo ba, in saida shi in zuba ga gero."

Na aika Kano aka tambayo kuɗin na asali mai kwali. Da aka faɗa mini, ban ma kai wa Alhaji labarin ba. Na rufe kwamfuta da zane, na sauko da tafireta daga kan kabad na goge mata ƙura. Ɗalibai su leƙo, su ji ƙarar ƙwas-ƙwas, su tsallaka wurin Lawali. Wannan daminar ita ce mafi muni a sana'ata. Ina da iyali, na wuce shekarun koyon kabu-kabu, kuma na san in injin nan ya hau motar hatsi ba zan sake taɓa wani ba.

Wani direba da ke jigilar 'yan kasuwa ne ya ba ni labarin Isuhu. Mutumin Maraɗi ne, yana gyaran rediyo a Shinkafi, kuma wai yana da kwamfuta mai wata irin uwa daban, wadda masu ita suka ce kowa ya kwafa. Ban yarda ba, amma ba ni da abin yi. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na naɗe akwatin injin da bargo na rungume shi a cinya, na shiga mota tsakanin masu awaki.

Na tafi da ƙullin goro, yadda ake zuwa wurin maigida. Na durƙusa na ce na zo koyo, in akwai shara ko aike a shirye nake. Isuhu ɗan siriri ne, bai kai ni shekaru ba. Ya karɓi goron ya rarraba wa maƙwabtan rumfarsa, ya jawo mini kujera.

"Malam, ka girme ni, shara ta mi? Aje ordinatar ɗin nan bisa tebur mu gani."

Ordinatar yake ce wa kwamfuta. Ya ce a wata makaranta a Maraɗi ya yi aikin wayoyin wuta, wani malami baƙo ya koya masa, ya ba shi faifan. Sunan abin Linux. A gabana ya goge injina tas, ya ɗora, yana faɗin kowane mataki, har yana cewa in matso in gani da kyau. Wannan ne ya fi damuna. Mutumin da ke nuna maka komai da rana tsaka, na ce a raina, lallai babban abin yana can ya ɓoye. Na yi ta jiran lokacin da zai aike ni sayen wani abu. Bai aike ni ba. Ya ma kwafa mini faifan ya sa mini a aljihu.

Da Faransanci ya ɗora mini, don da shi aka koya masa. Na yi makonni ina cankar ma'ana kamar mai wasan 'yar canke. Sai wata Alhamis da muke sake ɗorawa na riƙe masa hannu, na ga ashe tun a shafin farko ana tambayar yaren da mutum ke so, ga Turanci nan a sama. Isuhu ya saba wuce wurin da gudu, bai taɓa kawo wa ransa wani zai so wani yare ba.

Aikin farko da na yi ni kaɗai shi ne kunna injin a shagona, kuma a nan na tsaya. Allo ya fito baƙi ƙirin, ba hoto ba komai, ya tambayi sunana. Na buga, na gani. Ya tambayi kalmar sirri. Na buga, ba abin da ya fito. Tsohuwar manhajar takan nuna 'yan taurari, wannan ko ɗigo babu. Na ƙara ƙarfin yatsa. Shiru. Mai tafireta ba ya wucewa layi na gaba sai ya ga tawada a takarda, don haka ko sau ɗaya ban danna maɓallin shiga ba. Na kifa kibod ɗin na girgiza, ƙura da ɓawon gyaɗa suka zubo. Na yanke hukunci hanyar Shinkafi ta kashe shi. Na jira Alhamis, na saka shi a buhu, muka kama hanya cikin ruwa, mota ta kafe a laka muka sauka muka tura. Isuhu ya jona shi a nasa injin, ya buga, lafiya lau. Da na yi masa bayani sai da ya dafa tebur don dariya.

"Ba ta gwada ma kowa, ko kai mai ita. Don kada na bayanka shi ƙirga. Buga kawai ka danna shiga."

Na dawo gida da kibod ɗina a buhu.

Sai aikin wata malamar firamare daga Zurmi da ke ƙarin karatu. Ita kaɗai ta yarda ta ba ni babin bincikenta, don mijinta abokina ne. Na buga shi tsaf a sabuwar manhajar. Firintata ba ta fara aiki da Linux ba tukuna, sai na zuba mata a fulofi na zare na miƙa, ta tafi Gusau a fitar mata. Ta dawo da yamma ta tsaya bakin ƙofa ta ce ba komai a ciki. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi mini zafi. Ashe a fulofin kaɗai na ajiye shi, dole na sake buga babin daga rubutun hannunta. Da na kai ƙara wurin Isuhu ya ce a wannan manhajar sai ka gaya wa inji za ka cire fulofi, ya gama zubawa, ya sake shi, sannan ka zare. Ya ce ba a ɗaga buhu sai an ɗaure bakinsa. Har yau in na ga ɗayanku ya fizge filashi sai gabana ya faɗi.

Firinta ce ta fi cin raina. In na aika mata shafi ɗaya sai ta yi ta amayo takardu cike da alamomin da ba na kowane yare ba, har sai na kashe janareta. Isuhu ba shi da firinta, bai sani ba, kuma ya ce bai sani ba. Amma ya nuna mini cewa littafin bayanin kowane umarni yana cikin injin kansa, ka buga kalma guda ya buɗe maka. A nan na sakar masa zargi. Ba Isuhu kaɗai ba, su kansu masu abin ba su ɓoye komai ba, har yadda suka ƙera shi sun rubuta ga mai iya karantawa. Na zauna ina karatu da ƙamus a gefe, ina gwada sunayen firintoci masu kama da tawa ɗaya bayan ɗaya. Gero ya fara fitar da kai ranar da shafi ya fito fes, da sunana a sama. Na tashi na rufe ƙofa na yi sujada.

Daga nan abin ya fara shiga hannuna. Baƙin allon nan da ku kuke gudu, ni shi ya fi mini daɗi, don magana ce da yatsu, kuma yatsuna sun girmi kwamfuta. Maus kuwa dama ban taɓa shiri da shi ba. Na iya kwafa, na iya nemo rubutun da ya ɓata, na gano yadda zan ajiye aiki ta yadda zai buɗe a injin kowa ba tare da shafuka sun zame sosai ba.

Lokacin da ɗaliban ƙarshe suka taso da bincikensu, wata muguwar cuta ta shigo gari a fulofi. Injin Lawali ya faɗi, aka gyara, ya sake faɗi. Nawa kuwa ka zura masa fulofi mai cuta ya karanta rubutun ya bar cutar a kwance, don ba don irinsa aka yi ta ba. Layi ya dawo ƙofata har bakin kwata. Aka fara cewa injin Bala na da laya, ni kuma ban ƙaryata ba. Lawali ya tsallako da kansa ya tambaye ni sirrin. Na ce masa ikon Allah ne. Faifan yana aljihun 'yar cikina, in zan kunna inji sai in aiki wanda ke kusa ya sayo mini ruwa.

Da aka kai amfanin gona gida na roƙi Isuhu ya zo Ƙaura ya zame mini shaida. Alhaji ya iso bayan la'asar da ƙurar kasuwa a ƙafarsa. Na kunna masa inji, na buga takarda ta fito, na ce wannan masu shi sun yarda a kwafa.

"Nawa anka biya?"

"Ba a biya, Alhaji. Kyauta na."

Fuskarsa ta canza. "Kyauta? Wa yab ba ni? Ni ka hidda zakka, Bala, ba ni ka amsa ba. Na ce ba ni cin na sata, sai ka kawo man sadaka?"

Ban shirya wa wannan ba. Duk daminar nan da na sha, ga shi za ta zube a kan abin da ban taɓa tunani ba. Isuhu ne ya gyara zama.

"Alhaji, ba sadaka ta ba. Ba mutum guda yay yi shi ba balle shi ba ka. Mutane na da yawa, ƙasa-ƙasa. Wanga shi yi nashi yanki, wancan shi gyara inda yal lalace, wani shi koya ma wani. Kowa ya kama kunya guda, gona ta kowa ta. Sharaɗinsu ɗai, in ka ba wani kada ka hana shi ba wani."

Carbi ya tsaya a hannun Alhaji. "Gayya ke nan."

"Awo, Alhaji. Gayya ta."

Gayya dai Alhaji ya san ta tun yana yaro a Banga: a taru a nome gonarka yau, gobe ka ɗauki hauya ka bi ta wani. Ba bashi ba ce, ba roƙo ba ce. Na ɗauka an gama. Sai ya juyo gare ni.

"To, an nome muna. Mu wace kunya munka kama?"

Na ce ni ban iya ƙera manhaja ba, bugawa kawai na iya. Ya ce ai Isuhu ya ce har da koyarwa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi tsallaken titi. Janaretan Lawali a kashe, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa ya zuba tagumi.

"Alhaji," na ce, "shi ya kwashe man mutane damina duka. Kuma takardarsu ba ta ce dole in ba shi ba. Tambayi Isuhu."

Isuhu ya ce gaskiya ne, ba ta tilasta ba.

"Takardarsu ba ta tilasta ka ba," in ji Alhaji. "Ni ka tilasta ka. Wanda anka yi ma gayya, ran ta wani ya shige ɗaki ya ja ƙyaure, ka san abin da aka ce mai can Banga. Ba ni zama shi da tsufana. Ko faifai shi tsallaka titi, ko inji shi bi ni kasuwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na tuna lakar hanyar Shinkafi, na tuna Malam Haruna da goronsa. Abu ɗaya da na taɓa sani wanda wani bai sani ba a garin nan, shi aka ce in kai wa mai ƙofa a gaban tawa. Na dubi injin. Na sa hannu a aljihun 'yar ciki na tsallaka.

Lawali ya tambaye ni nawa zai biya, na ce ba a biya. Ya dube ni irin kallon da na yi wa Isuhu. Bayan nan layin ƙofata ya rabu biyu, bai kuma sake kaiwa bakin kwata ba. Daga baya Lawali ya ɗora wa wani a Zurmi, wancan ya ɗora wa wani. Injin Alhaji ya zauna a shagon nan har ya mutu don kansa, Alhaji kuma Allah Ya yi masa rasuwa bai taɓa janye maganarsa ba, don haka ni ma ban janye ba. Shi ya sa ba na karɓar kuɗinku, shi ya sa kuma duk wanda ya iya a cikinku nake tura shi ya zauna kusa da sabon zuwa. Ba kirki ne ya yi mini yawa ba.

Washegarin ranar da na tsallaka ɗin na ɗora wa Lawali, ina faɗin kowane mataki. Da aka gama na ce ya kunna da kansa. Baƙin allo ya fito, ya buga sunansa, aka tambaye shi kalmar sirri. Ya buga, ya leƙa allo, ya ƙara bugawa da ƙarfi. Ya ɗago kibod ya kifa ya fara girgizawa. Na jingina da bango na harɗe hannuwa ina kallon ƙura na zuba. Sai da ya fara neman buhun da zai saka shi sannan na gaya masa. Alhaji ya ce in koyar, bai ce in yi sauri ba.